Dakalin Motsa Jiki A Gidan Bene: Wanne Ya Fi Ƙarko, Wanne Ba Ya Damun Maƙwabta?

Daga watan Yuni zuwa Satumba, mazaunin Riyad ko Makka ya san tattaki a waje sai bayan Isha'i, shi ma ana yi ana sharce gumi. A Jidda kuwa ko rana ta faɗi, danshin teku ba ya barin mutum ya sake. Shi ya sa mutanenmu da dama, musamman mata da waɗanda likita ya ce su riƙa motsa jiki saboda sukari ko hawan jini, suka koma ga ɗan dakalin nan da ake hawa ana sauka, wanda masu shagon kayan wasanni a nan ke ce wa isteb. Ba ya cin wuri, ba ya cin wuta, kuma minti 30 a kansa sau biyar a mako ya cika minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya riƙa samu.

Asalin abin daga Amurka yake. A ƙarshen shekarun 1980 wata mai koyar da motsa jiki a jihar Jojiya, Gin Miller, ta ji ciwo a gwiwa, aka ba ta shawarar hawa da sauka a kan akwati don gwiwar ta yi ƙwari. Ta mayar da abin darasi da kiɗa, kamfanin Reebok ya ɗauka ya yaɗa shi duniya. Sai dai don zauren motsa jiki mai daɓen katako aka tsara shi. Mu kuwa a shukka muke, wato sashen haya a gidan bene, daɓenmu tayil ne a kan kankare, ƙasa da mu akwai mai jariri ko tsohon da ya koma barci bayan Asuba. Wannan bambancin shi ke sa dakalin da ya yi kyau a hoto ya zama abin rigima a bene.

A wannan rubutun, in an ce filastik ana nufin roba mai tauri irin ta bokiti da kujera. In an ce danƙo ana nufin roba mai laushi irin ta taya.

Ma'aunin da za a duba

Na farko faɗin sama. Ƙa'idar hawa ita ce ƙafa ta zauna gaba ɗayanta, dunduniya ba ta reto a baki. Kambas mai lamba 43 tsawonsa daga waje ya kai santimita 29 zuwa 30. Ke nan dakalin da faɗinsa santimita 28 ne bai ɗauki ƙafar ba tun ba a fara ba. Mai ƙaramar ƙafa, lamba 37 ko 38, ba ruwansa da wannan matsalar.

Na biyu tsayi. Mai farawa santimita 10, wanda ya saba 15, mai ƙarfi kuma dogo 20. Abin lura shi ne idan an ɗora ƙafa a sama, kada gwiwa ta lanƙwashe fiye da kusurwar bango. In ta wuce haka, dakalin ya yi wa mutum tsawo, gwiwa ce za ta biya.

Na uku, wanda masu saye ba sa kallo, shi ne cikinsa. A shago ka kifa dakalin. Za ka ga haƙarƙarin filastik sun gitta juna kamar saƙar zuma. Idan sirara ne kuma ramukan da ke tsakaninsu sun kai tafin hannu, tsakiyar za ta riƙa lotsawa. Idan masu kauri ne kuma a matse suke, zai jure. Sa babban yatsa ka danna tsakiyar saman da ƙarfi: in ya motsa a ƙarƙashin yatsa, yi tunanin abin da dunduniya za ta yi masa. A nan ƙasan ma ake samun tambarin irin filastik ɗin, ɗan alwatika mai lamba a ciki. Lamba 5 ko PP shi ne na yawancin masu arha, mai sauƙin nauyi, amma idan ya tsufa ko ya sha rana karyewa yake yi farat ɗaya. Lamba 2 ko HDPE ya fi jure bugu, ya kan lanƙwasa kafin ya tsage.

Adadin kilo da aka rubuta a kwali kuwa, a karanta shi da hattara. Sau da yawa nauyin da abin zai ɗauka ne in an ɗora masa kaya a tsaye ba motsi. Ƙafar da ke takawa cikin sauri tana sauke nauyin da ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na jikin mutum, in da tsalle ya fi haka. Kuma ba sau ɗaya ba ne. Ana yin wannan motsa jikin ne a taku kusan 120 a minti, wato taku 3,600 a minti 30. Rabinsu a kan dakalin suke sauka. Mai yi sau biyar a mako, a shekara ya taka saman nan sama da sau 450,000, kusan duk a wuri guda. Ba nauyi ne ke kashe dakali ba, maimaici ne.

Sauran ma'aunai su ne tafin ƙafafunsa, yadda ƙafafun ƙarin tsayi ke kama jikinsa, ƙara, da kuɗi. Maganar ƙara tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan aka fi yin kuskure.

Ƙara iri uku ce, maganinsu ba ɗaya ba

Akwai amon da kai kake ji: kwam, kwam, kamar ana buga ganga. Dakalin filastik fanko ne, saman na girgiza, iskar da ke ciki na ƙara masa amo. Wannan a iska yake tafiya, rufe ƙofa da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki sun isa su danne mafi yawansa.

Akwai ƙiƙi-ƙiƙi da ƙwas-ƙwas, wanda ke fitowa daga inda ƙafar ƙari ta haɗu da jiki. Filastik ne ke gugar filastik, sau da yawa da 'yan ƙwayoyin yashi a tsakani. Abin haushi ne, amma bai cika ƙetare bango ba. Muhimmancinsa shi ne gargaɗi: wurin ya fara sakwarkwacewa.

Na ukun shi ne wanda kai ba ka ji sosai, amma na ƙasa da kai shi kaɗai yake ji: dum, dum, daga rufin ɗakinsa. Wannan ba ta iska yake bi ba. Bugun na shiga tayil, ya shiga kankaren dekin, ya bi ginshiƙai da bango. Kuma mafi yawansa ba daga dakalin yake fitowa ba, daga saukowa ne, lokacin da dunduniya ta dira a kan tayil tsirara. Saboda haka mutum zai iya kashe riyal ɗari huɗu a kan dakali mai kyau, harisin gidan, wato mai kula da benen, ya zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa duk da haka. Maganin wannan yana ƙarƙashin ƙafa: shimfiɗar danƙo mai nauyi, irin baƙar nan ta gidajen motsa jiki, kaurin milimita 6 zuwa 10, wadda faɗinta zai ɗauki dakalin da kuma wurin sauka gaba da baya da gefe. Aƙalla mita ɗaya da rabi a tsawo, mita ɗaya da ɗan ɗori a faɗi. In an shimfiɗa ƙarama a ƙarƙashin dakalin kawai, an bar jaki ana dukan taiki.

Abubuwa uku da ake yawan shimfiɗawa ba sa yi. Darduma ko sallaya a kan tayil zamewa take yi, haɗarinta ya fi amfaninta. Tabarmar yoga siririya ce, tana tattarewa, bakin dakalin na yanka ta cikin 'yan makonni. Soso mai haɗe-haɗe irin na wasan yara yana rage dum ɗin, amma laushinsa na sa dakalin rawa, idon sawu ya riƙa karkacewa, kuma haɗin yana buɗewa in an yi taku na gefe. Kafet mai manne da daɓe, gajeren gashi, ba laifi. Mai dogon gashi irin na falo kuwa yana sa dakali lilo.

Wurin ajiyewa ma yana da tasiri. Kusa da bango ko ginshiƙi dekin ba ya girgiza kamar tsakiyar ɗaki. In za ta yiwu, a zaɓi ɗakin da ke saman falon maƙwabci ko kicin ɗinsa, ba saman ɗakin kwana ba, tunda yawanci tsarin shukkokin bene ɗaya iri ɗaya ne daga ƙasa har sama. Sai lokaci: bayan Asuba da tsakanin Azahar da La'asar lokutan barci ne a nan, a watan azumi kuma safiya gaba ɗayanta. Batun kiɗa ko muryar mai koyarwa, abin sawa a kunne ya raba gardama. Dokar ɗa'ar zaman jama'a da ta fara aiki a 2019 ta sa ƙure kiɗa a unguwar zama cikin abubuwan da ake cin tara a kansu.

Ƙarami mai arha

Shi ne ya cika shafukan sayayya na intanet irin Noon da Amazon da sunaye barkatai, alhali kusan ƙira ɗaya ce. Tsawo kusan santimita 68, faɗi 28, tsayi 10 da 15. Galibi bai kai riyal 100 ba. Ba shi da nauyi, yaro ma zai ɗauka, yana shiga ƙarƙashin gado.

Rashin nauyin nan shi ne aibinsa. Abu marar nauyi a kan tayil mai sheƙi tafiya yake yi, kowane taku ya matsa gaba kaɗan, kafin minti goma ya bar inda aka ajiye shi. Tafin ƙafafunsa 'yan ƙananan danƙo ne da aka cusa a rami ko aka manna da gam. Su ne ke fara faɗuwa. Da ɗaya ya fita, dakalin ya zama mai ƙafa uku, yana kwankwatsa tayil yana kuma karce shi. Samansa a mafi yawa ba danƙo ba ne, filastik ɗin ne aka yi wa ƙyasfi-ƙyasfi. Da sabunta yana riƙe takalmi, amma ƙyasfin tsakiya na gogewa ya yi sulɓi, in gumi ya ɗiga a kai sai a hankali. A wajen amo kuwa shi ne sarkin ganga.

Babban haɗarinsa kifewa. Saboda gajere ne kuma ƙafafunsa na ɗan shige ciki, wanda ya taka can bakin gefe yana iya ɗaga ɗaya ɓangaren. Ba a yin taku na ƙetarawa daga gefe zuwa gefe a kansa, ba a tsalle. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma in an san iyakarsa, wato hawa da sauka a hankali a tsayin santimita 10, yana yin aikinsa.

Matsakaici

Tsawo santimita 78 zuwa 80, faɗi kusan 30, tsayi hawa uku: 10, 15, 20. Kuɗinsa kan faɗa tsakanin riyal 100 da 200. A nan ne ake samun na kirki da na banza a farashi kusan ɗaya, don haka kifawa a duba ya zama dole. Nagarin yana da shimfiɗar danƙo a sama da tafin ƙafa masu faɗi.

Inda yake ciwo shi ne hawa na uku. Ƙafafun ƙarin suna shiga juna ne da 'yan haƙoran filastik. A santimita 15 haɗi ɗaya ne a kowane gefe, a 20 haɗi biyu ne, kowanne da ɗan wasansa. Wasan nan shi ke zama ƙiƙi-ƙiƙi, daga baya haƙori ya karye. Yawan cirewa da mayarwa na gaggauta hakan. Gidan da miji ke so a 20, uwargida ke so a 10, kullum ana ɓalle ƙafafu, haƙoran ba za su daɗe ba. Shimfiɗar saman kuma daga kusurwa take fara ɗagowa, musamman in ɗakin na yin zafi da rana bayan an kashe na'urar sanyi, domin zafi na sassauta gam. Kusurwar da ta ɗago tarko ce ga bakin takalmi.

A ganina wannan shi ne mafi wuyar sha'ani a saya ta intanet, tunda hoto ba ya nuna kaurin haƙarƙari. In dole ne, a duba nauyin kayan da aka rubuta: tsakanin biyu masu girma ɗaya, mai nauyin ya fi yawan filastik a jiki. Dokar cinikin intanet ta Saudiyya ta ba mai saye kwana 7 ya mayar da kaya muddin bai yi amfani da su ba, saboda haka a duba cikinsa da kyau ranar da ya iso, kafin a hau.

Babba irin na gidan motsa jiki

Ƙira biyu ce. Akwai doguwar nan ta asali, tsawo kusan santimita 109, faɗi 40, saman shi kaɗai tsayinsa 10, ana ɗora shi a kan ƙafafu masu kusurwa huɗu da ake jerawa, kowace na ƙara santimita 5. Akwai kuma ƙirar Reebok, tsawo kusan mita ɗaya, mai ƙafafu biyu manya da ake sauya musu mazauni su ba da 15, 20 ko 25. A lura da wannan: ƙirar ta biyu ba ta sauka ƙasa da santimita 15, don haka ba ta dace da dattijo ko mai ciwon gwiwa da ke buƙatar farawa daga 10 ba.

Kuɗinsu daga wajen riyal 300 ne zuwa sama, wani lokaci sama sosai. Abin da ake saye da kuɗin shi ne nauyi da faɗi. Nauyin na hana shi tafiya, faɗin na ɗaukar kowace ƙafa, kaurin jikin da danƙon saman na rage amon ganga ya koma wani ɗan dif marar nisa. An yi su ne don a yi ta dirka a kansu aji bayan aji, saboda haka a gida, inda mutum ɗaya ko biyu ke hawa, sukan yi shekaru. Abin da ke fara gajiya shi ne tafin danƙon ƙasa, wanda ke bushewa ya yi tauri, sai kuma saman da ke yin sheƙi a tsakiya.

Aibinsa wuri. Mita ɗaya da ɗori ba ya ɓuya a ɗakin da mutum huɗu ke kwana. Jingine shi a bango a tsaye ba laifi, amma a gidan da ke da yara masu rarrafe a kwantar da shi. Sannan akwai na kwaikwayo masu kama da shi sak a hoto, a rabin kuɗi da rabin nauyi.

Na hannu fa? Wannan ajin ne kaɗai ya cancanci a saya na hannu. Ana samunsa a manhajar Haraj, da kasuwannin gwanjo irin Sawarikh a Jidda da Ibn Ƙasim a Riyad, daga gidajen motsa jikin da suka sabunta kaya ko mutanen da suka saya suka gaji. Abin dubawa uku ne. A goga yatsa a jikinsa: in ya fito da gari-gari kamar alli, launin ya koɗe, ya sha rana, a bar shi ko kyauta ne. A kifa a duba haƙarƙarin da fitilar waya: farin layi a jikin filastik mai launi alama ce ta wurin da ya lanƙwashe fiye da ƙima, daga nan tsagewa ke farawa. A ƙirga tafin ƙafafu, a ajiye shi a daɓe mai daidai a danna kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya.

Na katako, aikin kafinta

Wannan zaɓin ba a cika tunawa da shi ba, alhali a wajen shiru da ƙarko yana gogayya da mai tsadar. Amma sai an faɗa wa kafinta abin da ake so dalla-dalla, in ba haka ba zai haɗo akwatin da ya fi ganga amo.

Katakon ya zama filawud mai kaurin milimita 18. Kada a yarda da MDF ko allon garin katako irin na kabad mai arha: gumi da ruwan goge daɓe na kumbura su, sukuru ba ya kama su da kyau, a danshin Jidda kuwa ba sa kai labari. Sama santimita 90 zuwa 100 a tsawo, 40 a faɗi, tsayi duka-duka 15 har da danƙon sama da na ƙasa. Bangon gefe su tsaya daidai bakin saman, kada saman ya yi baranda, don barandar ce ke sa kifewa. A ciki a sa katanga biyu a gicciye, tazarar kusan santimita 30, su ne ke hana lotsawa kuma su kashe amo. A haɗa da gam ɗin katako da sukuru, ba ƙusa ba. Ƙusa na sassautowa da girgiza, ta fara ƙara, wata rana kanta ya leƙo. A goge bakuna da sanfefa su yi kumbo, saboda ranar da ƙafa ta kuskure, ƙashin ƙauri ne ke haɗuwa da bakin. A shafa fenti ko man katako ciki da waje, a manna shimfiɗar danƙo mai gurza-gurza ta milimita 3 zuwa 5 a sama, a bi ƙasan bangon da zirin danƙo. Wanda ke son ƙarin shiru ya cusa tsohon soso ko tsummoki a ramukan ciki.

Irin wannan zai kai wajen kilo 9 zuwa 10, ba inda zai tafi. Kuɗinsa ya danganta da kafinta da kuma ko yana da ragowar katako, tunda aikin bai cinye rabin allo ba. Aibinsa a fili yake: tsayi ɗaya ne, kuma ba ya lotsawa ko kaɗan, don haka kambas mai taushin ƙasa ya zama wajibi.

Akwai kuma na soso mai tauri, irin na silifa. Shi ne mafi shiru, kuma ba ya fasa ƙauri. Amma bakinsa na nutsewa in an taka, tsakiyarsa na yin kwari da daɗewa, bai dace da taku mai sauri ba. Bulo, kujerar tsuguno da akwatin lemo kuwa ba sa cikin lissafi. Matakalar bene ta fi su aminci.

| Iri | Sama (santimita) | Tsayi | Kuɗi | Amo | Inda yake fara lalacewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ƙarami | 68 × 28 | 10, 15 | ƙasa da riyal 100 | mai yawa | tafin ƙafa, ƙyasfin sama | zamewa, kifewa |
| Matsakaici | 80 × 30 | 10, 15, 20 | riyal 100 zuwa 200 | matsakaici, da ƙiƙi-ƙiƙi | haƙoran haɗi, kusurwar shimfiɗa | rawa a hawa na uku |
| Babba | 100 zuwa 109 × 40 | 10, 15, 20 ko 15, 20, 25 | riyal 300 zuwa sama | kaɗan | tafin danƙo, bayan shekaru | na kwaikwayo |
| Katako | 90 zuwa 100 × 40 | ɗaya tak | ciniki da kafinta | kaɗan, in an sa katanga | danƙon sama, sukuru | kaifin baki |
| Soso | ya bambanta | ɗaya tak | ya bambanta | kusan babu | tsakiya na yin kwari | gurɗewar idon sawu |

Farashin nan awon ido ne, yana hawa yana sauka da rangwamen shaguna. A tabbata kuɗin da aka gani ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da kuɗin kawowa.

Kulawa: rana, yashi, gumi

Maƙiyin filastik na farko a ƙasar nan rana ce. Haskenta na cin filastik, ya koɗe, ya bushe, ya zama kamar busasshiyar ƙwarya. Dakalin da aka bari a baranda ko a saman bene bazara ɗaya zai iya fashewa a ƙarƙashin mutum ba tare da wani gargaɗi ba. But ɗin mota ma ba wurin ajiya ba ne, zafin cikinta da rana na lanƙwasa saman ya narkar da gam. A ajiye shi a ɗaki, nesa da taga, ba a ɗora masa kaya masu nauyi.

Na biyu yashi. Ƙurar da ke shigowa ko an rufe taga tana kwanciya a tayil, ta manne a tafin danƙo, ta mayar da shi kamar an barbaɗa gari. Dakalin da ya fara zamewa, sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, datti ne. Kafin a hau, a share wurin, a goge tafin ƙafafun da ɗanyen tsumma, a bari su bushe. A ware kambas na cikin gida, domin wanda aka fita da shi yana ɗauke da tsakuwa a ƙasansa, ita ce sanfefar da ke cinye saman. Silifa da safa zalla ba a hawa da su. A kula da sabulun goge daɓe mai sa sheƙi, yana barin santsi. Wurin motsa jikin a ɗauraye shi da ruwa zalla.

Na uku gumi. Gishirinsa na taruwa a ramukan saman ya yi fari-fari. Bayan kowane hawa a goge da tsumma. Sau ɗaya a mako a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a bi ramukan da tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa. Bilic mai ƙarfi, fetur, tina da man goge kujera duk suna ɓata danƙo ko su sa shi santsi. Na katako ba a kwara masa ruwa, gogewa kawai.

In ƙiƙi-ƙiƙi ya fara, kada a ɗiga mai. Mai na kama ƙura, ya gangara ya sami tafin ƙafa, ya kuma sa haɗin ya riƙa zamewa. A ɓalle ƙafafun, a wanke mahaɗar, a busar. In bai daina ba, a yanko siririn ziri daga tsohon tif ɗin keke a shimfiɗa a inda filastik ke haɗuwa da filastik, a mayar. Tafin da ya faɗi a maye gurbinsa da danƙo mai kauri ɗaya da sauran, in ba a samu ba a sauya duka huɗun, don bambancin milimita biyu ya isa ya sa dakali rawa. Shimfiɗar da ta ɗago, a goge tsohon gam ɗin, a shafa gam irin na masu gyaran takalmi a fuska biyun, a jira kamar minti 10 har ya daina kama yatsa, a haɗa a danne, a ɗora nauyi ya kwana. Na katako a bi sukurorinsa da sukundireba duk bayan 'yan watanni.

Abu ɗaya ne ba ya gyaruwa: tsagewa a haƙarƙari ko a saman filastik. Irin wannan filastik ɗin gam ba ya kama shi da kyau, ɗaurin salatif kuma ɓoye ciwon kawai yake yi. Duk wata a kifa a duba. In an ga tsaga, aikinsa ya ƙare.

A ƙara da wannan: baƙin danƙo kan bar tabo a kan marmara mai haske da leda ta daɓe in ya daɗe a wuri guda. Mai gidan haya da ke son kuɗin ajiyarsa su dawo cif, ya riƙa naɗe shimfiɗar bayan ya gama.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke raba ɗaki da wasu, marar nauyin jiki, mai son ya gwada ya ga ko zai ɗore: ƙaramin ya isa, a santimita 10 ko 15, ba tsalle. Kuɗin da ya rage ya sa a shimfiɗar danƙo.

Uwargida mai ƙaramar ƙafa da ke bin darasi a waya sau uku ko huɗu a mako: matsakaici mai danƙo a sama, wanda aka kifa aka duba, a bar shi a tsayi ɗaya kada a riƙa ɓalle shi.

Mai jiki, wanda ya haura kilo 90, ko mai babbar ƙafa, ko gidan da mutum biyu uku za su riƙa hawa: babba, ko da na hannu ne. Ya fi a riƙa sayen ƙarami ana sakewa.

Dattijo, mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, ko mai sukarin da ƙafarsa ta fara mutuwa: a fara jin ta bakin likita. In ya amince, a nemi mai faɗi wanda ke sauka har santimita 10, wato doguwar ƙirar ba tare da ƙafafun ƙari ba, ko a sa kafinta ya yi na santimita 10. A ajiye shi kusa da bango yadda hannu zai kai.

Wanda ke zaune a hawa na sama kuma an riga an yi masa magana sau ɗaya kan ƙara: na katako mai katanga da cushe, ko babba mai nauyi, a kan danƙon milimita 10. Ya sauko da tafin gaba tukuna sannan ya sauke dunduniya a hankali, kusa da dakalin, ba da dira ba. Kafin ya mayar da abin al'ada, ya roƙi maƙwabcin na ƙasa ya saurara na minti biyu yana hawa, sau ɗaya a tsakiyar ɗaki, sau ɗaya kusa da bango, ya faɗa masa wanne ya fi sauƙi.